Goge da Na'ura: Waiwaye Kan Kiɗan Lantarki a Nijar

Duk wanda ya yi wayo a Maijirgi ko Tasawa ko Mayahi cikin shekarun 1980, matuƙar akwai akwatin rediyo a gidansu, da wuya a ce bai taɓa jin kiɗan Mamman Sani ba, ko da kuwa bai san sunan mai shi ba. Shi ne ɗan kiɗan nan mai sanyi da gidan rediyon Muryar Sahel kan saka tsakanin shiri da shiri, galibi babu murya a cikinsa, babu kalangu, babu goge, amma kunne na jin kamar ya san karin daga wani wuri. Wannan kiɗa shi ne mafarin tarihin kiɗan lantarki a ƙasar Nijar, kuma ta kansa ne za a fahimci irin zaman da na'ura ta yi da kayan kiɗanmu na gado.

Kafin a kai ga haka, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi a wasu ƙasashe idan an yi maganar haɗa kayan kiɗa da lantarki. Turawa suna da abin da suke kira kiɗan ɗaki, wato na mutum uku ko huɗu ko biyar, wanda ake yi wa masu sauraro da ke zaune, ba don rawa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wasu suka fara shigar da na'ura cikin wannan zama. A 1964 Bajamushen nan Karlheinz Stockhausen ya tsara wani kiɗa mai suna Mikrophonie I, inda mutum biyu ke bugu da gogar wani ƙaton farantin ƙarfe, biyu na bin sa da makirfo, wasu biyu kuma na zaune gaban na'ura suna tace sautin a daidai lokacin da yake fita. A 1966 aka kafa ƙungiyar Musica Elettronica Viva a birnin Rum, su kuma ba su ma rubuta abin da za su kaɗa, sai dai kowa ya saurari ɗan'uwansa ya ba shi amsa. Abu uku ke nan suka haɗu: kayan kiɗa na hannu, da ƙirƙira nan take, da na'urar da ke sarrafa sauti ana tsakiyar kiɗan.

Littattafan tarihi sukan ɗora mafarin wannan fage a kan Pierre Schaeffer na Faransa da gwaje-gwajensa na 1948. Amma shekara huɗu kafin nan, a 1944, wani matashi ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar sauti a kan waya daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya ɗauki waƙoƙin matan da ke taron zar, ya koma ya yi ta jujjuya sautin da amsa-kuwwa har ya fitar da wani abu dabam. Zar kuwa ɗan'uwan bori ne. Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan kiɗan lantarki a duniya daga dandalin masu hawan iska na Afirka aka ɗebo shi.

Idan aka auna da wancan ma'auni na abu uku, biyu daga ciki ƙasar Hausa ta daɗe da su. Mai gurmi ko mai molo da ke zaune a zaure da ɗan amshinsa, ana hira ana sauraro, kiɗan ɗaki yake yi. Ƙirƙira nan take kuwa ita ce ainihin sana'ar. A dubi mai goge a wasan bori na ƙasar Maraɗi, wanda masani Veit Erlmann ya nazarta ya wallafa bincikensa a 1982. Kowace iska tana da takenta da kirarinta, wannan sananne ne, ba a sauya shi. Amma yaushe za a shiga taken, sau nawa za a maimaita shi, ina za a ja shi, ina za a tsinke a koma wani, duk wannan idon makaɗin ne ke yanke shi, yana duban wanda ke tsakiyar fili, masu ƙwarya kuma na biye da shi. Haka mai kalangu: da matse tsarkiya a hammata yake ɗaga sauti ya sauke shi, har ganga ta faɗi sunan mutumin da ya shigo taro yanzun nan, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma karin yake kwaikwayo. Ba a iya shirya wannan tun daga gida, tunda makaɗin bai san wanda zai shigo ba.

Abu na ukun, wato na'ura, ta hannun Mamman Sani Abdullahi ya shigo. An haife shi a Akara ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, ya girma a Nijar, ya yi koyarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro na hukumar ne ya ga ogan na lantarki ƙirar kamfanin Orla na Italiya, irin abin da jama'a ke kira fiyano, a hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda, ya lallashe shi har ya sayar masa. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka buga kwafi wajen ɗari kacal. Abin da ya yi a ciki shi ne ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya, har da na Woɗaɓe da na Buzaye, ya zuba su a kan maɓallan ogan, na'urar kuma tana ba shi bugun da ba ya gajiya, ba ya sauri, ba ya lafawa. Shekaru da dama rediyo da talabijin na ƙasa suna amfani da kiɗansa, amma kaset ɗin kansa ya ɓace daga kasuwa, sai da Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da shi cikin tarin kaset-kaset na gidan adana kayan tarihi a Yamai, kamfaninsa na Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. A shekara ta gaba aka fitar da Taaritt, wanda ya ɗauka cikin shekarun 1980.

A ganina darajar wannan aiki ba ta buƙatar wani ya kare ta. Mutumin ya sa baƙuwar na'ura ta yi magana da lafazin Sahel, kuma ya yi haka shi kaɗai, ba malami, ba wanda ya riga shi. Sai dai kalmar nan "shi kaɗai" ita ce abin lura. Ogan bai zo ya zauna kusa da goge ba, wurin goge ya zauna. Kuma akwai abin da ba zai iya ɗauka ba. Maɓallan fiyano an yanka su ne gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa awon Turai, alhali tsirkiyar goge ba ta da gida, yatsa ne ke zamewa a kanta ya tsaya inda kunne ya ce. Karin da ke tsakanin maɓalli da maɓalli, inda daɗin goge yake, a nan ya zube. Bugun na'ura kuma ba ya ganin mai rawa, balle ya jira shi.

Abin da ya fara a matsayin gwajin mutum guda ya zama ruwan dare daga wani ɓangaren. A ƙarshen shekarun 1990 masu shirya finafinan Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke iya kwaikwayon sarewa da ganga, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 wannan sauti ya mamaye waƙoƙin fim, ya tsallako iyaka ya cika kasuwannin Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti ya maye gurbin makaɗa biyar, kuma a bukukuwa da yawa kaset, daga baya katin waya, ya karɓe abincin maroƙa. A Yamai kuma aka sami Hama, direba da rana, makaɗi da dare, wanda kiɗansa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ba tare da suna ba kafin a fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Shi ma, kamar Mamman Sani, tsofaffin kare-kare yake sake ginawa shi da na'urarsa.

Zaman da ya fi wuya, wato a ajiye na'ura da kayan gado a tabarma ɗaya kowa ya saurari kowa, bai daɗe da samuwa ba. Misalin da ya fi kusa shi ne ƙungiyar Studio Shap Shap ta Yamai, wadda ta fitar da Château 1 a 2016, da sunan wata unguwa ta birnin. Sun haɗa fiyano da kayan tsirkiya na gargajiya da sautukan da aka ɗauko daga titi, kuma cikinsu har da Umaru Adamu, makaɗin duma da kalangu da ya daɗe yana raka Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018. A irin wannan zama na'ura ba ta kwaikwayon kalangu, tunda ga kalangun nan a wurin. Dole ta nemi abin da ita za ta faɗa.

Akwai kuma wani reshe na wannan tarihi da ba ya shiga faifai, kuma shi ya fi kusa da garuruwa irin su Maijirgi. Tun da lasifika da janareto suka isa ƙauyuka, mai goge ko mai gurmi da aka gayyata biki yakan kafa makirfo a jikin ƙwaryar abin kiɗansa, wani yaro kuma na tsugune gaban amfilifaya yana murɗa maɓallin eko. Sautin da ke fita daga ƙahon ba na gogen zaure ba ne: ya yi kauri, ya yi tsatsa, kowace jimla tana dawowa sau biyu ko uku kafin ta mutu. Gwanin makaɗi yakan lura da haka, sai ya rage yawan abin da yake kaɗawa, ya ja gajeriyar jimla ya dakata, ya bar na'urar ta maido masa da ita, sannan ya ɗora ta gaba a kanta.