Haƙori a Gaban Alƙali

Bayani na a wannan maƙala ya tsaya ne kan wata shaida da ba ta rantsuwa, amma ta kai mutane ga igiya: haƙori. Farin ɓawonsa ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, saboda haka yakan saura bayan wuta da ƙasa sun cinye nama. Tarihin shigarsa kotu ya nuna mini cewa aiki biyu aka ɗora masa, ya riƙe amanar ɗaya, ɗayan kuwa ya fi ƙarfinsa.

Aikin farko shi ne faɗin sunan mamaci. A ranar 23 ga Nuwamba 1849 wani attajirin birnin Boston na Amurka, Dakta George Parkman, ya ɓace. Bayan mako guda aka tarar da guntayen gawa a ɗakin binciken Farfesa John Webster na Jami'ar Harvard, wanda attajirin ke bi bashi. A cikin tokar tanderu aka tsinto haƙoran tangaran. Likitan haƙori Nathan Keep ya shaida wa kotu cewa shi ya ƙera su a 1846, ya kuma ɗora su a kan zubin muƙamuƙin Parkman da ya adana, suka zauna daram. Webster ya amsa laifinsa daga baya, aka rataye shi a watan Agusta 1850.

Shekara ɗari bayan ɓatan Parkman, a Ingila, John Haigh ya narkar da gawar wata dattijuwa, Olive Durand-Deacon, cikin gangar ruwan batir, yana zaton in babu gawa babu shari'a. Haƙoranta na roba suka ƙi narkewa, likitarta ta gane aikin hannunta, aka rataye shi a 1949. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Aiki na biyu shi ne faɗin sunan makashi ta hanyar shatin cizo. Wannan dabara ta yi suna a 1979, lokacin da Dakta Richard Souviron ya gwada haƙoran Ted Bundy da cizon da ke jikin wata ɗaliba da aka kashe a jihar Florida, kotu ta gamsu. Daga nan masu gabatar da ƙara suka rungume ta hannu bibbiyu.

To amma fata ba zubin likita ba ce. Tana miƙewa, tana kumbura, tana sauya kama bayan mutuwa. A 1992 kotu a jihar Arizona ta yanke wa Ray Krone hukuncin kisa, mafi girman hujjarta kuwa ita ce karkatattun haƙoransa sun yi kama da wani cizo. Ya shafe shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 2002, ya kuma nuna wani mutum dabam. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto da ya ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke tabbatar da cewa shatin cizo zai iya ware mutum ɗaya daga sauran jama'a. Tun tuni Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

A nawa nazarin, bambancin yana cikin abin da aka gwada. Keep ya auna abu mai tauri da rubutaccen tarihinsa. Masu shari'ar Krone sun auna haƙori da tabon da ke canzawa kowace sa'a. Duk alƙalin da aka kawo wa wannan shaida, wajibi ne ya fara tambayar wanne daga cikin biyun aka ajiye a gabansa, domin ran mutum na rataye da amsar.