Dukiyar Baƙon Da Ya Rasu A Guangzhou

Duk garin da fatake suke sauka, ba ya rasa wata tambaya mai wuya: idan baƙo ya rasu da dukiya a hannu, magadansa kuwa suna can wata uwa duniya, wa zai riƙe ta, kuma har zuwa yaushe? Birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, wanda Larabawa suka sani da sunan Khanfu, Turawa kuma suke ce masa Kanton, ya gamu da wannan tambaya fiye da shekara dubu da suka wuce.

A zamanin daular Tang, watau daga 618 zuwa 907, jiragen ruwa na Larabawa da Farisawa suna kawo turare da hauren giwa da duwatsu masu daraja, su koma da siliki da tangaran. Baƙi suna da unguwarsu ta daban. Wani littafin Larabci da aka rubuta a 851 ya ambata cewa akwai Musulmin da hukuma ta naɗa yana yi musu shari'a tsakaninsu. Amma dukiyar falken da ya rasu babu nasa a kusa, wannan a hannun ma'aikatan sarki take. Ka'idar ita ce su ƙididdige kayan su ajiye. In wata uku ya cika matarsa ko 'ya'yansa ba su zo nema ba, sai dukiya ta shiga baitulmali.

Wanda bai san teku ba sai ya ce an yi adalci, alhali kuwa ba a yi ba. Jiragen wancan zamani iska ce take tura su, ita kuwa iskar tekun Indiya rabin shekara take kaɗawa ta fuska guda, sa'an nan ta juya. Tafiya da komowa tsakanin gaɓar Farisa da Guangzhou tana cin kimanin shekara ɗaya da rabi. Ke nan kafin labarin rasuwa ya isa gidan mamaci a Basra ko Siraf, wa'adi ya riga ya ƙare. Magada suna da hakki a takarda, ba su da shi a zahiri.

A 817 aka naɗa Kong Kui, wani daga zuriyar Konfushiyas, gwamnan yankin Lingnan, wanda mazauninsa ke Guangzhou. Shi ne ya soke wannan wa'adi. Hujjarsa ita ce tafiyar teku da shekaru ake lissafinta, saboda haka ba daidai ba ne a ɗaure magada da watanni. Ya yi umarni duk wanda ya zo da shaida tabbatacciya a ba shi dukiyar baki ɗaya, kome daɗewa. Shahararren marubucin nan Han Yu ya ambaci wannan hukunci cikin rubutun da ya yi na tunawa da shi bayan rasuwarsa a 824.

Ba tausayi kaɗai ne a ciki ba. Falken da ya san mutuwarsa ba za ta talauta iyalinsa ba, shi ne mai komowa da kaya baɗi. Wannan hikima ba ta tsaya ga Sin ba. Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya yaba wa mutanenta domin ba sa taɓa dukiyar baƙon da ya rasu, sai su ba amintacce ajiya har mai hakki ya zo.

A yau, da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suke zuwa sarin kaya a Guangzhou, tambayar tana nan. Dokar farar hula ta Sin wadda ta fara aiki a 2021 ta tanadi mai kula da dukiyar mamaci: ya ƙididdige ta, a biya haraji da bashi, sa'an nan a raba. In babu magaji sam, gwamnati ta karɓa don amfanin jama'a. Amma abin da Kong Kui ya nema shi ne ake nema har yanzu, watau shaida. Falken da ya bar lissafinsa a rubuce, ya kuma sanar da nasa inda kayansa suke, ya rage wa marayunsa rabin tafiya.