Kalmar "Gwaji": Abin da Kano da Madarumfa Za Su Koya wa Diffa

Ƴan'uwana ɗalibai, duk ƙwayar maganin da muke sha, da duk allurar da ake yi wa ƙannenmu, sai da aka fara gwada su a jikin wasu mutane kafin su iso kanti. Haka ilimin likita yake tafiya, babu wata hanya. Tambayar da ta dame ni a matsayina na mai karatun harshe ita ce: waɗanda aka yi gwajin a jikinsu, da wane harshe aka yi musu bayani, kuma me suka fahimta? Tarihi biyu na kusa da mu sun isa mu yi tunani a kai.

Na farko ya faru a Kano cikin 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, mutane fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Sun zo da sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su tsohon magani ceftriaxone, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta ko shanyewar jiki. A cikin asibitin nan fa, ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka riga aka sani, kyauta. Bayan ƴan makonni ma'aikatan kamfanin suka tattara suka koma gida, annoba kuwa tana nan.

Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun amince da baki. Iyaye da yawa suka ce su ba wanda ya gaya musu ana gwada sabon magani ne, kuma ba a ce musu suna da zaɓi ba. A Disamba 2000 jaridar Washington Post ta fallasa zancen. Daga baya aka gano cewa takardar izinin da aka nuna, wai daga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Kwamitin binciken gwamnatin tarayya ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa doka. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka shigar da ƙara, a 2009 aka yi sulhu da Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shekara 15 kenan bayan abin. Shi kansa Trovan, a 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi, saboda illar da yake yi wa hanta.

To, ku dubi kalmar nan "gwaji". A asibiti, in aka ce wa uwa "za a yi wa yaronki gwaji", abin da zai faɗo mata a rai shi ne gwajin jini ko na fitsari, wato a duba a gano cuta. Kalmar ɗaya ce da wadda ake nufin gwada maganin da ba a tabbatar da shi ba. Sai kuma amsar: uwa mai riƙe da yaro yana suma za ta ce "to". A Hausa "to" kan zama "na yarda", kan zama "na ji", kan zama ladabi kawai ga wanda ya fi ka. Mai fassara zai iya rantsewa ya faɗi gaskiya, uwa ma ta rantse ba a gaya mata ba. Dokar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 sun wajabta yardar mutum bisa sani, amma ba su da ikon shiga bakin tafinta.

Kuma asarar ba a kan yara 200 ta tsaya ba. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004, bisa jita-jitar cewa an gurɓata shi. Jita-jitar ba ta da tushe, amma masu yaɗa ta sun riƙa tuna wa mutane Trovan, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20. Yaran ƙarshe da shan inna na daji ya kama a Najeriya, a Borno aka same su a 2016, can ƙetaren Komadugu, maƙwabtanmu.

Tarihi na biyu a ƙasarmu ya faru, a Madarumfa ta jihar Maraɗi. Daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre, reshen MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka gwada rigakafin zawon rota, ƙwayar cutar da ke sa jarirai zawo da amai har ruwan jikinsu ya ƙare. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa shi. Ɗigo ne a baki, sau uku: mako 6, mako 10, mako 14. Jarirai kimanin 3,500 aka bi. Rabi sun sami rigakafin, rabi sun sami abu mai kama da shi wanda babu magani ciki, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba zaɓin likita ba. An nemi izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa tun kafin a fara, an nemi yardar iyaye a rubuce. Sakamakon ya fito a 2017: zawo mai tsanani ya kama 31 cikin masu rigakafi, 87 cikin ɗaya rukunin, wato kariya ta kusan kashi 67 cikin 100. Babban amfaninsa, yana jure zafi na watanni ba tare da firiji ba. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Ngigmi ko Maine-Sorowa ya san darajar wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Jariran Madarumfa sun amfani yaran ƙasashen da ba su taɓa jin sunan garinsu ba.

Ina Diffa a cikin wannan zance? Tun hare-haren Fabrairu 2015 a Bosso da garin Diffa, dubban mutane suka bar gonakin tattasai na bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi, suka zauna a bukkoki gefen babbar hanya da sansanoni irin su Sayam Forage. A 2017 ciwon hanta nau'in E, mai zuwa da shawara ta hanyar gurɓataccen ruwa, ya ɓarke a jihar, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa. A lokacin akwai rigakafinsa, Hecolin, wanda aka gwada a kan mutane fiye da 100,000 a ƙasar Sin, amma ba a taɓa amfani da shi cikin annoba ba sai 2022 a Bentiu ta Sudan ta Kudu. Kun ga ke nan, rashin gwaji a wurare irin namu shi ma yana cin rai. Gudun bincike ba zai fisshe mu ba.

Sai dai yanayin Diffa ya yi kama da na Asibitin Zana ta fuska mai ban tsoro: cuta, talauci, gaggawa, da mutanen da suka dogara da taimakon baƙi. Wanda abincinsa da ruwansa ke hannun ƙungiya, da wuya ya iya ce wa mai farar riga "a'a". Ga kuma harsuna: Barbarci, Fulatanci, Tubanci, Larabci, Budumanci, Hausa. Takarda za ta zo da Faransanci, a juya ta zuwa Hausa, wani maƙwabci ya sake juya ta zuwa Barbarci. A kowace juyawa wani abu na zubewa, kuma abin da ya fi saurin zubewa shi ne jimlar nan: "kina iya ƙi, kuma za a yi wa ɗanki magani duk da haka."

Nan aikinmu yake. Mu da muke karatun harsuna, mu zauna da ɗaliban likita da ungozomomi mu samar da kalmomi masu raba gwajin jini da gwajin magani a kowane harshe na kwarin nan. Mu nemi a riƙa naɗar bayanin a murya don wadda ba ta karatu, kuma a bar ta ta maimaita abin da ta fahimta da bakinta kafin ta dangwala yatsa. In masu bincike suka zo unguwarku, ku tambaye su: wane kwamiti ya ba ku izini? In yaro ya cutu, wa zai biya? In maganin ya yi, za mu same shi a nan, kuma nawa? Mai aikin gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.