Asalin Dokar Gajeriyar Bindiga a Amurka

A cikin dokokin Amurka akwai wadda ta hukunta cewa duk wanda ya mallaki bindigar kafaɗa wadda tsawon bakinta bai kai inci 16 ba, ko bututun da ake ɗaurawa don rage ƙarar harbi, ba tare da rajista a wurin hukumar tarayya ba, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10, alhali kuwa ƙaramar bindiga, wadda ake sakawa cikin aljihu, wadda kuma da ita ake aikata galibin kisan kai a ƙasar, ba ta shiga wannan hukunci ba. Mai neman dalilin wannan saɓani sai ya koma ga shekarar 1934.

Zamani ne na fitina. Haramta giya da aka yi daga 1920 zuwa 1933 ya azurta ƙungiyoyin miyagu, har a 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bango a Shikago aka bindige su. Sa'an nan a Fabrairun 1933 wani ya harbi inda zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Franklin Roosevelt yake a Miyami, harsashi ya kuskure shi ya sami magajin garin Shikago, Anton Cermak, wanda ya mutu bayan makonni kaɗan. Da Roosevelt ya hau mulki, sai babban lauyan gwamnatinsa, Homer Cummings, ya kawo wa majalisa daftarin doka, amma da yake ana shakkar ikon tarayya na haramta makami kai tsaye, sai aka bi ta hanyar hila: aka ɗora harajin dala 200 a kan sayarwa, aka kuma shar'anta rajista don a san wanda ya biya. Kotun ƙoli ta inganta dokar a 1937 bisa hujjar cewa haraji ce.

Ƙaramar bindiga tana cikin daftarin farko, ita ce ma babbar manufa, kuma domin kada mutum ya ɗauko zarto ya datse bakin doguwar bindiga ya mai da ita ta ɓoye a riga, aka haɗa da gajeriyar. Da muhawara ta yi zafi a majalisa sai aka cire ƙaramar, aka bar gajeriyar, tamkar wanda ya rushe katangar gida ya bar ƙofar a garƙame. A ganina nan ne aibin dokar yake, gama hukunci ya wanzu bayan dalilinsa ya gushe. Iyakar tsawon bakin ma da fari inci 18 ce, sai a 1960 aka mai da ta bindigar kafaɗa 16.

Shi kuwa bututun rage ƙara, Hiram Percy Maxim ne ya sami takardar haƙƙin ƙirƙirarsa a 1909, ɗa ga mai ƙera bindiga mai ruwa wadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato da ita a 1903. Ba ya kashe ƙara kamar yadda ake nunawa a majigi, yana dai tara iskar albarushi cikin ƙananan ɗakuna ya sake ta sannu a hankali, ta yadda kunnen maharbi zai tsira, amma na nesa ya ji harbin. Ana sayar da shi a kan daloli kaɗan sa'ad da aka aza masa harajin 200, saboda haka talaka ya haƙura da shi shekaru masu yawa, har sai da hauhawar farashi ta rage wa kuɗin nauyi, tun da ba a taɓa ƙara shi ba.

Mai nema a yau yakan cika takarda, ya haɗa da hotonsa da zanen yatsunsa, ya aika wa hukumar tarayya ta ATF, a binciki halinsa, ya jira izini kafin dillali ya miƙa masa kayan. Jihohi kamar Kalifoniya da Niyok kuwa sun haramta bututun ɗungum. A Yulin 2025 majalisa ta mai da harajin bututun da na gajeriyar bindiga sifiri, daga farkon 2026, ta bar sharaɗin rajista, kuma nan take masu adawa da dokar suka garzaya kotu suna cewa rajistar da aka halatta domin karɓar haraji ba ta da madogara idan babu abin karɓa.