Waƙar Yaya, Sunan Ƙane

Yau za mu leƙa ƙasar Jamus ta wajen shekaru 200 da suka wuce, mu duba wata tsohuwar takardar waƙa da abin da ta ɓoye.

Bari in fara da takardar kanta. Mu a wurinmu in an rubuta waƙa, baitoci ne kawai a kan takarda, karin muryar kuwa sai kin ji shi a bakin wani. Turawa sun samo hanyar rubuta karin shi ma. Layuka biyar ake ja a kwance, a ɗiɗɗiga alamomi a kansu da tsakaninsu. Ɗigon da ke sama, murya ta hau. Na ƙasa, ta sauka. Siffarsa kuma ita ke nuna tsawon jan muryar. Wadda ta iya karatun za ta rera waƙar da ba ta taɓa ji ba, daidai yadda mai ita ya tsara.

A wancan zamanin babu rediyo, babu kaset, na'urar ɗaukar murya ma sai a 1877 aka ƙera ta. To takardar nan ita ce kaset ɗinsu. Waƙoƙin soyayya da waɗanda aka ciro daga opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, duk haka ake buga su a sayar a kanti. Gidajen masu hali kan ajiye fiyano a falo, kuma galibi 'yan matan gida ne ke kaɗawa suna rerawa. Amma fa sunan da ke saman takardar, kusan kullum na namiji ne.

A irin wannan gida Fanny Mendelssohn ta tashi a birnin Balin. An haife ta a 1805, ƙanenta Felix a 1809, kuma malami ɗaya ya koya masu tsara kiɗa. A 1820, tana da shekara 14, mahaifinsu ya rubuto mata cewa ƙila kiɗa ya zama sana'ar Felix, amma ita ado ne kawai gare ta. Haka kuwa aka yi. Shi ya zaga ƙasashe ya yi suna, ita ta yi aure a 1829, ta ci gaba da rubutu a gida. Ta tsara kiɗe-kiɗe fiye da 400, wajen 250 daga ciki waƙoƙi ne, ranar Lahadi kuma takan tara baƙi a gidansu a saurara.

Da Felix zai buga littattafan waƙoƙinsa guda biyu na farko, sai aka sa nata guda shida a ciki, uku-uku, da sunansa. Kada ku ce sata ya yi, da saninta aka yi. Sai dai ni ban wanke shi duka ba, domin a 1837 mahaifiyarsu ta roƙe shi ya ƙarfafa wa yayarsa gwiwa ta buga nata, ya ƙi.

Ga inda labarin ya yi daɗi. A 1842 Felix ya ziyarci Sarauniya Biktoriya ta Ingila a fadarta da ke Landan. Sarauniya ta zaɓi waƙa ɗaya daga littafinsa, mai suna Italien, ta rera da bakinta yana kaɗa mata. Da ta gama, dole ya buɗe baki ya ce ta yayarsa ce. Shi da kansa ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa faɗin hakan ya yi masa nauyi. Kun ji fa, duk cikin littafin, ta matar da ke zaune a gida sarauniya ta ɗauka.

Sai a 1846, tana da shekara 40, Fanny ta yi ta maza, da goyon bayan mijinta Wilhelm Hensel, mai zane, ta buga waƙoƙi shida da sunanta. Ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba. Ranar 14 ga Mayu 1847 tana cikin gwajin kiɗan Lahadi ciwo ya buge ta, a daren ta rasu. Felix bai cika wata shida a bayanta ba.

Yawancin takardunta sun zauna a hannun dangi ba a buga ba fiye da shekara 100. A 1970 aka tsinci wani dogon kiɗan fiyano a Faransa, an sa masa hannu da harafin F da sunan Mendelssohn. Nan take aka ce na Felix ne, har aka ɗauke shi a faifai da sunansa. Sai a 2010 wata ɗalibar jami'a daga Amurka, Angela Mace, ta samu ganin ainihin takardar. Ta duba rubutun hannun, ta kuma lura lambobin shafukan sun yi daidai da waɗanda suka ɓace daga wani kundin Fanny. Tun 1828 ta rubuta shi, tana da shekara 22.