Tsiron Dawa da Tukunyar Ƙasa: Tarihin Dafa Giya a Ƙasar Hausa

Ƙofar Taramniya ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a shekarar 1809, wanda aka faɗaɗa shi bayan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa a 1815. Kano da Katsina da Zazzau sun yi ƙarnuka a tsaye kafin jihadi ya same su, amma Sakkwato jihadin ne ya haife ta, don haka ganuwarta, baya ga tsaro, ta zama iyaka tsakanin abin da shari'a ta yarda a yi a fili da abin da aka bar wa ƙauyukan da ba su musulunta ba. Dafa giya na daga cikin sana'o'in da suka faɗa bayan wannan iyaka, ko da yake ta girmi birnin nesa ba kusa ba, kuma wani ɓangare na iliminta bai taɓa barin madafan cikin gari ba.

Tushen sana'ar shi ne tsiro, wato hatsin da aka jiƙa aka bar shi ya fara tofowa sannan aka tsayar da shi. Mai dafa burukutu, wadda a al'ada mace ce, takan jiƙa dawa ko gero ya kwana, ta tsane shi, ta shimfiɗa a inuwa ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar, sannan ta shanya a rana, ta murje saiwoyin ta niƙa. A cikin waɗannan kwanaki ƙwayar hatsi takan samar da wasu sinadarai da masana ke kira inzayim, waɗanda aikinsu shi ne mayar da sitaci sukari domin ciyar da ɗan tsiron, kuma wannan sukarin ne yis, wato ƙwayar halittar da ke sa ƙullu kumbura, yake ci ya mayar barasa. Murje saiwar ma ba ado ba ne, domin tohon dawa yana ɗauke da guba, abin da makiyaya suka daɗe da sani game da dabbar da ta ci gyauron dawa.

Dawa tana da wata gardama wadda sha'ir, hatsin giyar Turai, ba shi da ita. Sitacinta ba ya sakin jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko sama da haka, alhali a irin wannan zafin mafi yawan sinadaran da za su mayar da shi sukari sun riga sun mutu. Dabarar da matan Afirka ta Yamma suka gano, daga masu burukutu da fito na Nijeriya da Gana har zuwa masu dolo na Burkina Faso da Mali, ita ce su dama garin tsiron da ruwan sanyi su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman da ya kwashe sinadaran su ajiye gefe, su dafa gasarar da ta zauna a ƙasa har ta nuna, sannan su mayar da ruwan nan a kanta idan ta ɗan huce. Daga nan a bar haɗin ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake tafasawa na sa'o'i, a bar shi ya huce, a zuba masa ragowar giyar da ta gabata a matsayin iri. A wasu wuraren ana jefa ɓawon karan kuɓewa domin yauƙinsa ya ja dusa ƙasa. Babu ma'aunin zafi a duk wannan aiki, sai yatsa da harshe da kallon kumfa.

Kayan aikin su ne raunin sana'ar. Tukunyar ƙasa tana riƙe zafi, kuma ƙananan ramukan jikinta suna adana irin yis daga wannan dahuwa zuwa waccan, amma waɗannan ramukan ne dai suke adana ƙwayoyin da ke ɓata giya, ta yadda tukunyar da ta taɓa lalata dahuwa ɗaya takan ci gaba da lalatawa. Tana tsagewa idan wuta ta yi mata yawa a gefe guda, gasara tana kamawa a gindinta ta yi ƙauri idan aka yi sakaci da muciya, rariya ko kwandon tata yana toshewa da dusa, sannan itacen da ake ƙonawa yana cin kaso mai tsoka na riba. Babbar matsalar kuwa ita ce rashin jimiri: burukutu ana shan ta ne tana kan tashi, a buɗaɗɗiyar randa, kuma cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin da ke mayar da barasa ruwan tsami sukan cinye ta. Wannan ne ya sa ba ta taɓa zama hajar fatake kamar goro ko gishiri ko kanwa ba, ta tsaya a matsayin abin ranar kasuwa da gayya da biki da tsafi, inda za a dafa a shanye a wuri ɗaya.

Turawa sun fita daga wannan ƙangi ne ta hanyar furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma yake hana ƙwayoyin tsami yaɗuwa. An ambaci hof tare da dafa giya a ƙa'idojin gidan ibada na Korbi a Faransa a shekarar 822, kuma dokar Babariya ta 1516 ta taƙaita kayan giya ga ruwa da sha'ir da hof. Shukar tana buƙatar dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi, shi ya sa ake noma ta tsakanin digiri 35 da 55 daga tsakiyar duniya, Sakkwato kuwa tana kan digiri 13. Giyar ƙasar Hausa, saboda haka, ta dogara ga tsami a inda ta Turai ta dogara ga ɗaci, kuma tsami 'yar gajeriyar kariya yake bayarwa.

Malaman da suka jagoranci jihadi sun tarar da hukuncin wannan abin sha a shirye cikin littattafan Malikiyya, inda duk abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne, haddinsa kuma bulala 80. Abin lura shi ne yadda fiƙihun ya kula da mazubi: Risalar Ibn Abi Zaid, wadda har yau ake karantawa a zaurukan Sakkwato, ta kawo hani ga yin tsimi a cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta, saboda irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyewar jiƙo zuwa abin maye ba tare da mai shi ya ankara ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa rashin bambance halal da haram a ci da sha cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Duk da haka daular ba ta shafe sana'ar ba, domin Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau sun zauna a matsayin masu amana suna biyan jiziya, giya kuma tana tsakiyar ibadarsu da nomansu, kamar yadda take a wurin Aznan Maradi da na ƙasar Arawa da Dakarkarin Zuru. Matafiyin Bature Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya bayyana yadda ya ga ana shan giyar dawa a fili a ƙasashen Bargu da Nufe a kan hanyarsa ta zuwa.

Ilimin tsiro ya zauna a cikin gari ne ta hanyar kunun zaƙi. Mai yin sa takan raba ƙullu biyu, ta dama babban kason da tafasasshen ruwa, ta haɗa ƙaramin ɗanye da tsiro ko dankali da citta da kanumfari, ta zuba a kan na farko bayan ya huce, ta bar shi ya kwana ya tsinke ya yi zaƙi. Dabara ɗaya ce da ta mai burukutu, sai dai ita ba ta zuba iri, kuma tana sayarwa kafin ya juya.

Bayan faɗuwar Sakkwato a hannun sojojin Lugga a watan Maris na 1903, Arewacin Nijeriya ya kasance cikin yankin da aka hana shigo da barasar Turai bisa Yarjejeniyar Burasels ta 1890, ko da yake an bar ƙofar lasisi a buɗe ga Turawa da baƙin Sabon Gari. Burukutu ta bi sojoji da leburorin jirgin ƙasa da na kuza zuwa bariki, inda yawan masu sha ya fi ƙarfin tukunyar ƙasa, sai aka koma ga durom ɗin ƙarfe da injin niƙa. Durom ba ya fashewa kuma yana ɗaukar dahuwa mai yawa, amma yana tsatsa, tsamin giyar yana cin jikinsa, wani lokacin ma ba a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa ba. Ta fuskar doka, kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba, sannan Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, bayan Zamfara ta buɗe hanya.

Masana'antar zamani kuwa da sha'ir da hof na ƙetare ta fara. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshen Kaduna a 1963, kuma duk injunansa an ƙera su ne bisa halin sha'ir. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da sha'ir da tsironsa a 1988 domin tattalin kuɗin waje, sai kamfanoni suka juya ga dawa da masara, suka ci karo da gardamar nan da matan karkara suka daɗe da warwarewa. Sha'ir yana da ƙaiƙayin da ke zama matacin kansa a gindin tukunya, dawa kuwa ba ta da shi, saboda haka manyan tukwanen tata suka riƙa toshewa, har aka maye gurbinsu da injunan matsa masu ƙyallen tata. Aka ƙara tukwanen dafa sitaci daban, aka koma ga raba ruwa da gasara ko kuma sayen inzayim na kanti, aka nemi nau'o'in dawa masu kyawun tsiro, irin su farafara da gajeren kaura mai lamba SK 5912 wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Ko bayan da aka sassauta hanin, dawa ba ta bar masana'antar ba, domin ta fi sauƙin kuɗi, kuma da ita ake yin kaso mai yawa na lemon malta marar barasa irin su Maltina, wanda kasuwarsa ta kafu sosai a garuruwan Musulmi.

Hof ne kaɗai ya gagara. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada shuwaka da namijin goro da dogon yaro a madadinsa tun shekarun 1980, sun kuma samu ɗacin da suke nema a cikinsu, amma ƙamshin da kumfar da tsawon ajiya ba su zo daidai ba, saboda haka har yanzu kamfanonin suna sayo shi daga ƙasashe irin su Jamus da Amurka, galibi a matsayin curarren gari ko tataccen ruwa.