Dokar 1516: Tsarkin Giya Ko Kare Burodin Talaka?

Duk ranar 23 ga Afrilu, Jamusawa na bikin abin da suke kira dokar tsarkin giya, kuma duk shekara gardama ɗaya ce ke tashi. Manyan kamfanoni na cewa dokar ce ta ɗaukaka sunan giyar Jamus a duniya. Ƙananan masu dafawa kuwa, waɗanda ke son zuba zuma, citta, barkono ko bawon lemo a tukunya, na kukan cewa ta ɗaure musu hannu. Ko ga mu da addini ya haramta mana wannan abin sha, labarin ya cancanci a tsaya a kai, domin a ƙarƙashinsa labarin hatsi ne, da yunwa, da wanda ke da ikon cewa ga inda amfanin gona zai tafi.

Mutanen Masar da na Mesofotamiya sun dafa giya tun dubban shekaru. A Turai ta tsakiyar zamani kuwa, kowane gari da irin ganyayen da yake haɗawa don ɗanɗano, har da masu guba da ke juya kai. Daga baya aka raja'a ga wani fure mai ɗaci da Jamusawa ke kira hopfen, wanda ke hana giya saurin lalacewa. A 1487 basarake Albrecht na Huɗu ya kafa wa birnin Munich ƙa'idar kayan haɗi. Sai a 1516, a garin Ingolstadt, 'yan'uwa biyu masu mulkin Bavariya, Wilhelm na Huɗu da Ludwig na Goma, suka shimfiɗa ta a kan ƙasar tasu baki ɗaya: sha'ir, hopfen da ruwa, shi ke nan. Ba a ambaci yisti ba, ko da yake ba a samun giya sai da shi.

An fi yaɗa cewa lafiyar jama'a sarakunan suka duba, har ana kiranta tsohuwar dokar kare mai saye. Wasu kuma na cewa haraji ne kawai, tunda abu uku sun fi sauƙin sa ido. Kowane bayani na da ƙamshin gaskiya, amma ni na fi gamsuwa da na uku: dokar burodi ce. Alkama ita ce ta masu gasa burodi, kuma idan masu giya suka shiga kasuwa suna ribibinta, farashi zai tashi, talaka ya kwana da yunwa. Sha'ir bai kai alkama kyan burodi ba, don haka aka bar wa tukunyar giya shi. Wanda ya duba abin da dokar ta ƙunsa zai ga inda hankalin sarakunan yake. Mafi yawanta a kan farashi take magana: daga ƙarshen Satumba zuwa 23 ga Afrilu kada ma'auni ɗaya ya wuce fenik ɗaya, a sauran shekara kada ya wuce biyu. Batun kayan haɗi ɗan gajeren sashe ne. Wannan aikin mai tsoron tsadar abinci ne.

Abin da ya biyo baya ya ƙara raunana labarin tsarki. A 1548 fada ta ba gidan Degenberg izini na musamman su dafa giyar alkama. Da zuriyarsu ta ƙare a 1602, basarake Maximilian ya karɓe izinin, giyar alkama ta zama kasuwar fada ita kaɗai, kuɗinta na shiga baitulmali. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Masu son bayanin haraji na kafa hujja da wannan, amma a ganina ya nuna cewa alkama ce abin da ake tsaro tun farko, shi ya sa izinin taɓa ta ya yi tsada haka. Su ma kayan ƙamshi ba su daɗe a waje ba: a 1551 an halatta koriyanda, a 1616 aka ƙara gishiri da wasu 'ya'yan itatuwa masu ƙamshi. Sunan nan na "dokar tsarki" ma bai bayyana ba sai a farkon ƙarni na 20, kusan lokacin da aka shimfiɗa ƙa'idar a kan dukan Jamus a 1906.

Maƙwabtansu na Beljiyam ba su taɓa shiga wannan ƙangi ba. Sun ci gaba da dafa giyar ceri mai tsami, da farar giya mai bawon lemo, suna dafa nama da ita, suna zaɓen wadda ta dace da cuku ko kifi. A 2016, shekarar da Angela Merkel ta halarci bikin cikar dokar shekara 500 a Ingolstadt, UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya. Daga Amurka kuma wata iska ta taso, bayan Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta dafa giya a gida. Ƙananan kamfanoni suka yawaita, ana gwada kofi, kabewa da cakulan, gidajen abinci na jera kowace kala da abincin da ya dace da ita.

A kotu ma katangar ta tsage. A 1987 Kotun Turai ta ce Jamus ba ta da ikon hana sayar da giyar waje don ta saɓa ƙa'idarta. A 2005 wani ƙaramin kamfani a Neuzelle ya ci shari'a kan baƙar giyarsa mai sukari. Yau ana iya neman izinin dafa "giya ta musamman" a yawancin jihohi, amma Bavariya ta ƙi sassautawa.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir don tattalin kuɗin waje, kamfanoni suka koma ga dawa, hatsin da masu burukutu suka daɗe da sani. Har yau dawar manoman Arewa na shiga masana'antun nan, har da na lemon malt da ake rabawa a bukukuwanmu. Babu wanda ya kira wannan tsarki; kowa ya san lissafin aljihu ne.

Shi ya sa nake ganin ya kamata Jamusawa su faɗi tarihinsu yadda yake. Sarakunan 1516 sun cancanci yabo don sun sa cikin talaka gaba da ribar mai giya, ko da fadar ta karya alkawarin daga baya. Abin da ya dace a gada daga gare su shi ne tambayar da suka yi, wadda kowace gwamnati za ta fuskanta a shekarar da damina ta yi gardama: idan hatsi ya yi ƙaranci, wa za a fara ba?